Rijiyar da Aka Kafa wa Allo: Shin Akwai Taimako Tsakani da Allah?

Mu ɗaliban ajin ƙarshe an ba mu shafuka kaɗan a littafin makaranta na bana, aka ce mu zaɓi abin da za mu rubuta. Ba mu sha wahalar zaɓi ba, domin akwai wata gardama da ta hana mu sakat tun daga rani har faɗuwar damina, kuma da yawa cikin iyayenmu sun ji ƙurarta a gida.

Ga yadda abin ya fara. Wani attajiri ɗan asalin wannan yanki, wanda yake kasuwancinsa a Garwa, ya aiko aka haƙa rijiyar burtsatse, wadda a nan muke ce wa foraj, a bayan makarantarmu. Duk wanda ya yi rani a ƙasar Rai Buba ya san darajar wannan aiki. A watannin Maris da Afrilu, in mayo ya ƙafe, ƙannenmu mata sai sun tona yashi sun jira ruwa ya tsatso kafin su cika bokiti ɗaya, shi ya sa rabin 'yan ajin safe suke zuwa a makare. Yanzu kuwa sai dai a buga famfo kawai. To amma ranar buɗewa an kafa allon ƙarfe babba, an rubuta sunan mai kyautar da Faransanci da Larabci, an ɗauki hotuna, kafin magariba sun zaga wayoyin gari ta WhatsApp.

Washegari ajinmu ya rabu uku. Wasu suka ce wannan riya ce tsantsa, mutumin suna ya saya, lada kuwa babu. Wasu suka ce su ina ruwansu da zuciyarsa, ai ƙishirwa ba ta tambayar niyya. Sai wani cikinmu, wanda yayansa yake ajin ƙarshe a lise inda ake karanta falsafa, ya zo da maganar da ta fi ta kowa nauyi. Ya ce mu daina wahalar da kanmu, babu wani mahaluki a duniya da yake taimako tsakani da Allah. Wai kowa da abin da yake hari: wannan suna, wancan ramuwa, wani kuma daɗin da yake ji a ransa. Har mai neman lada ma, in ji shi, ɗan kasuwa ne, sai dai shi ribarsa tana lahira.

Da wannan magana ta ukun za mu fara, don in ta tabbata, sauran gardamar ba ta da amfani.

Gaskiya ita ce maganar ba ta banza ba ce, kuma in mun duba garinmu za mu ga abin da yake ƙarfafa ta. Ɗauki gayya, wadda maƙwabtanmu Fulani suke ce wa surga. Mutum ya tara jama'a su yi masa noman masara ko tsinkar auduga, ya dafa abinci, babu wanda aka biya ko dala. Amma kowa ya sani wanda ya ƙi zuwa gayyar wani, ranar tasa zai ga gonarsa wayam. Haka biki tsakanin iyayenmu mata: abin da aka kawo ranar suna ko aure ana riƙe lissafinsa, wasu har a littafi, domin ranar mayarwa tana tafe. Ko habbanaye ta makiyaya, wadda ta fi su duka kyau, inda mai shanu zai ɗaura wa wanda ya rasa dabba karsana, ta zauna a hannunsa yana shan nono har ta haihu sau biyu ko uku gwargwadon al'adar wuri, ya riƙe 'yan maruƙan ya mayar da uwar, ita ma tana da amfani ga mai bayarwa. Ya sami amini, ya sami daraja a ruga, kuma in annoba ta faɗa wa garkensa, yana da saniya a wani wuri da cutar ba ta kai ba. Hausawa sun daɗe da ba wannan suna: cuɗe ni in cuɗe ka. Sun kuma ce don tuwon gobe ake wanke tukunya.

Masana na ƙasashen Turai ma sun bi wannan hanya. Kalmar altruisme da yayyenmu suke ji a lise, wani Bafaranshe mai suna Auguste Comte ne ya ƙirƙiro ta a tsakiyar ƙarni na 19, yana nufin rayuwa domin wasu. Mu kuwa muna da kalmarmu ta Larabci tun tuni, wato isari, fifita wani a kan kai. A 1964 wani masanin halittu ɗan Ingila, William Hamilton, ya yi bayanin dalilin da ya sa dabbobi da ƙwari suke sadaukar da kai ga danginsu na jini: tsare ɗan'uwa tsare irin gida ne. A 1971 wani Ba'amurke, Robert Trivers, ya ƙara da cewa ko tsakanin waɗanda ba dangi ba taimako yana ɗorewa in ana ramawa. Tun kafin su da daɗewa, akwai labarin Thomas Hobbes, masanin falsafa na Ingila da ya rasu a 1679. An gan shi ya ba wani tsoho marar lafiya sadaka a titi, aka tambaye shi dalili, sai ya amsa cewa halin tsohon ne ya dame shi, da ya ba shi kuɗin sai shi ma ya sami sauƙi a ransa. Kun ji, daidai da maganar abokinmu.

Ranar da muka kai wa Malam wannan magana, bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Yarana, me ya sa halin tsohon ya dame shi tun farko?" Muka yi shiru. Ya ce mutane nawa ne suka wuce tsohon nan ransu bai sosu ba? In Hobbes ya ji sauƙi bayan ya bayar, ai don ya riga ya damu da tsohon ne. Da bai damu da shi ba, babu wani daɗi da zai ji. Ashe daɗin yana biyo bayan tausayi ne, kamar yadda hayaƙi yake biyo wuta, kuma babu mai cewa hayaƙi ne ya kunna wutar. Daga baya yayan abokin namu ya gaya mana cewa wani limamin coci na Ingila, Joseph Butler, ya ba da amsa mai kama da wannan tun 1726. Malam ya yi dariya ya ce hankali ai ba shi da ƙabila.

Akwai kuma waɗanda suka gwada abin a aikace. A 1981, a jami'ar Kansas ta Amurka, Daniel Batson da abokan aikinsa sun sa ɗalibai mata suna kallon wata budurwa da aka nuna musu kamar ana jona mata lantarki tana shan azaba, alhali shiri ne. Aka ce wa kowace ɗaliba tana iya karɓar wurin budurwar. Wasu aka ce musu in sun ƙi, dole su ci gaba da kallo. Wasu kuma aka ce in sun ƙi, suna iya tafiyarsu nan take. Dabarar a nan ita ce: wanda damuwar kansa ce kawai take cinsa, in aka buɗe masa ƙofa zai fice ya huta. Abin da aka gani shi ne, waɗanda tausayin budurwar ya kama su sosai, yawancinsu sun yarda su karɓi azabar ko da ƙofar tana buɗe. A 2006 kuma, a birnin Leipzig na Jamus, Felix Warneken da Michael Tomasello sun gwada jarirai 'yan wata 18. Babba zai yi kamar yana shanya, maƙalin kaya ya suɓuce masa ya faɗi yana miƙa hannu bai kai ba, sai yaron ya taso ya ɗauko ya miƙa masa, ba a roƙe shi ba, ba a ba shi komai ba. In kuwa da gangan ya jefar da abin, yawanci yaran ba sa kulawa. Duk wanda yake da ƙane ƙarami a gida ya taɓa ganin irin wannan. Jaririn wata 18 wane suna yake nema a gari?

Amma ba sai mun je Jamus ba. Ranar 23 ga Yuni 2018 'yan bindiga suka afka wa ƙauyuka a ƙaramar hukumar Barikin Ladi ta jihar Filato a Najeriya. Mutane suka gudo ƙauyen Nghar Yelwa, yawancinsu Kiristoci. Limamin garin, Malam Abubakar Abdullahi, dattijo mai shekara 83 a lokacin, ya ɓoye mutum 262, wasu a gidansa wasu a cikin masallaci, ya tsaya a waje ya ƙi buɗe ƙofa, yana roƙon maharan har ya ce su kashe shi a madadinsu. A 2019 gwamnatin Amurka ta ba shi lambar yabo. Abokinmu ya yi wuf ya ce, "Kun gani, ai ya sami suna." Sai wata cikinmu ta ce masa, "Lokacin da yake tsaye gaban bindiga ya san da lambar?" Ba dangin jininsa ba ne, ba addininsu ɗaya ba, kuma abin da ya fi kusa da shi a wannan sa'a mutuwa ce. An ruwaito cewa shekaru da dama kafin haka Kiristocin yankin ne suka ba Musulmi filin da aka gina masallacin. To ko da a ce ramuwar alheri ce, wane ɗan kasuwa ne yake biyan fili da ransa?

A nan ƙasar Mayo Rai ma mun ga wani abu. Daga ƙarshen 2013 zuwa 2014, da rikici ya tsananta a Afirka ta Tsakiya, dubban mutane sun tsallako Kamaru, wasu suka sauka wajen Tuboro da Mbaimbum. Da yawansu cikin ƙauyuka suka zauna tare da mutanen gari, aka ba su wurin kafa bukka da ɗan filin noma. Manyanmu suna cewa a cikin masu masaukin akwai wanda ya karɓi danginsa, akwai wanda ya hango hannun aikin gona mai araha, akwai kuma wanda bai san baƙin ba, ba shi da abin da ya ishe shi, amma ya raba rumbunsa. Dukkansu sun taimaka. Kuskuren abokinmu shi ne, ya ga na biyun sai ya yanke wa na ukun hukunci. Kuma in aka ce duk abin da mutum ya yi son kai ne, ko ya ba da rumbunsa ko ya rufe ƙofa, to kalmar ta daina bambanta komai, ta zama ba ta da aiki.

Saura zancen lada. Shin mai neman Aljanna ɗan kasuwa ne? Mun yi zaton Malam zai musa, sai ya ce eh, kuma Alƙur'ani da kansa ya kira shi fatauci, ya kira shi rance mai kyau da ake ba Allah. Amma ya ce mu duba wa ake bi bashin. Wanda ya ba ka don ka gode masa, kai yake bi bashi, zai dinga lura da gaisuwarka, ranar da ka ƙi zaɓen wanda yake so sai ka ji. Wanda ya ba ka don Allah, ya kai takardar bashinsa wani wuri, kai ka fita ba a bin ka komai. A Suratul Insan, aya ta 8 da ta 9, an yabi masu ciyar da miskini da maraya da fursuna alhali su ma suna son abincin, waɗanda ba sa neman sakayya ko godiya daga wanda suka ciyar. A Suratul Hashri aya ta 9 kuma aka yabi mutanen Madina da suka karɓi masu hijira a shekarar 622, suna fifita su a kan kansu ko da suna cikin buƙata. Sa'adu ɗan Rabi'a ya yi wa Abdurrahman ɗan Aufu tayin rabin dukiyarsa. Shi kuma ya yi masa addu'ar albarka, ya ce a nuna masa hanyar kasuwa kawai. Wannan labari yana burge mu ta fuska biyu, mai bayarwa bai riƙe ba, mai karɓa bai zari ba.

Saboda haka amsarmu ga tambaya ta farko ita ce: in ana nufin taimakon da mai yinsa bai sami komai ba, ko natsuwar zuciya ko fatan lada, wataƙila babu shi. In kuwa ana nufin taimakon da abin da mai yinsa ya sa a gaba shi ne yardar Allah da amfanin wanda ake taimaka wa, har ya yarda ya yi asara a kai, wannan akwai shi. Ana gane shi ranar da aka cire riba: babu mai gani, babu mai ramawa, ƙofar gudu a buɗe, mutum ya tsaya.

Yanzu ga 'yan rukuni na biyu, masu cewa ƙishirwa ba ta tambayar niyya. Suna da gaskiya rabi. Ruwan foraj ɗin nan yana kashe ƙishi, ko don Allah aka haƙa shi ko don hoto. Amma niyya tana da nauyi a wuri biyu. Na farko wajen Allah. Ba banza ba Imamul Buhari ya buɗe littafinsa da hadisin niyya wanda Sayyidina Umar ya ruwaito, shi ne kuma na farko a Arba'una ta Imamun Nawawi, wanda ya rasu a 1277, da duk muka haddace tun muna ƙananan aji. A Sahihu Muslim akwai hadisin mutum uku da za a fara yi wa hukunci ranar ƙiyama, wanda aka kashe a fagen yaƙi da mai ilimi da mai kyauta. Za a ce wa mai kyautar ya bayar ne don a ce shi mai kyauta ne, kuma an riga an faɗa. Wannan hadisi in ana karanta shi aji yakan yi tsit.

Na biyu, kuma shi ne mutane suke mantawa, niyya tana fitowa fili a cikin aikin kansa in an daɗe. Mai neman a gan shi zai zaɓi aikin da ake gani. Zai haƙa sabuwar rijiya a bakin hanya, amma wadda ta lalace a cikin lungu ba zai gyara ta ba, don gyara ba a yi masa bikin buɗewa. Kowannenmu ya san famfo da ya mutu a wani ƙauye, allonsa yana tsaye. Zai kuma sa talaka ya tsaya riƙe da buhun shinkafa a ɗauke shi hoto, ko da mutumin yana jin kunya. In ba a gode masa yadda yake so ba, sai gori. Suratul Baƙara aya ta 264 ta hana ɓata sadaka da gori da cutarwa, ta kwatanta mai ciyarwa don ganin ido da falalen dutse da ƙasa ta rufe, ruwan sama mai ƙarfi ya zo ya wanke shi tas. Mu da muke noma mun san irin wannan wuri: a ido gona ne, shuka ba ta kama saiwa. Warneken da Tomasello ma sun sake wani gwaji a 2008, suka ga yaran da aka riƙa ba su kyauta in sun taimaka, da aka daina ba su sai taimakonsu ya ragu, ba kamar waɗanda ba a saba musu da kyauta ba. Iyayenmu da suke cewa "je ka taya kakarka aiki in ba ka alawa", a yi haƙuri, ga abin lura.

To shi attajirin namu fa, riya ya yi? A nan ne Malam ya fi tsananta wa 'yan rukuni na farko. Ya tuna mana labarin Usama ɗan Zaidu, wanda ya kashe wani a yaƙi bayan mutumin ya furta shahada, yana ganin don tsoron takobi ya faɗa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi masa faɗa mai tsanani, yana tambayarsa ko ya tsaga zuciyar mutumin ne ya gani. Malam ya ce, "Ku wa ya tsaga muku zuciyar Alhaji?" Sannan bayyana sadaka ba laifi ba ne a karan kansa. Aya ta 271 ta Baƙara ta yabi sadakar fili, ta kuma ce ɓoyewa ta fi. Sayyidina Usmanu ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa Musulmi, kowa ya sani, ga shi har yau muna faɗa. Akwai ranar da wasu mutanen ƙabilar Mudar suka zo Madina cikin tsumma da yunwa, wani mutumin Madina ya fara kawo jaka mai nauyi a gaban jama'a, sai mutane suka biyo bayansa har kaya suka taru, aka yaba masa don ya buɗe hanya. Wa ya sani ko allon nan zai sa wani attajirin ya ji kishi ya haƙa wa wata unguwa?

Yawancinmu dai zukatanmu a gauraye suke. Wata cikinmu ta ce, "Allah gafarta Malam, ni in na ba almajiri abinci aka gan ni, sai in ji daɗi, to in daina?" Ya ce kul. Imamul Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi dogon bayani kan wannan a Ihya'u Ulumiddin. A ganinsa, in niyya ta cakuɗu sai a auna wane dalili ne ya fi ƙarfi wajen tayar da mutum, in na Allah ne ya rinjaya to ba a rasa lada gwargwadon rinjayen. Malamai kuma sun yi gargaɗi cewa barin aikin alheri don tsoron kada a ce riya ce, shi ma kallon mutane ne, kuma almajirin ne zai kwana da yunwa. Abu Zarri ya ruwaito cewa an tambayi Annabi game da wanda ya yi alheri mutane suka yabe shi, sai ya nuna cewa wannan bushara ce da aka gaggauto wa mumini. Yabon da ya zo da kansa daban, wanda aka fita nema daban. Maganin da Malam ya ba mu mai sauƙi ne: kowa ya riƙe aiki ɗaya da babu wanda ya sani, ko uwarsa, ya ga ko zai iya ɗorewa a kai wata guda. Wasunmu sun gwada. Sun ce ya fi haddar Ahalari wuya, musamman ranar da ake yabon wani a gabanka kan abin da bai kai naka ba, harshe yana ƙaiƙayi.

Daga ƙarshe ajinmu ya rubuta wa Alhajin takardar godiya, har da waɗanda suka ce riya ce sun sa hannu, tunda su ma a nan suke alwala. Mun kuma raba kwanakin share magudanar famfon da tara 'yan kuɗin gyara, dala biyar biyar duk Alhamis, don kada ya bi sahun waɗanda suka mutu. Abokinmu na falsafa har yanzu bai sauka daga kan maganarsa gaba ɗaya ba, ya ce in yayansa ya zo hutu za a sake zama, amma shi ne ya fi kowa zuwa shara da wuri. Da muka gama wannan rubutu sai wata sabuwar gardama ta tashi, ko za a jera sunayenmu a ƙasansa. Mun kwana biyu a kai. Aka ƙuri'a, aka bar shi da sunan aji kawai, kuma mutum biyu cikin waɗanda suka fi yin aikin har yau suna ɗan kumbure-kumbure.